Jirage 13 sun doshi Münster, ɗaya ya dawo: su wa ke ƙasa?

Ranar Lahadi, 10 ga Oktoban 1943, jiragen B-17 guda 13 na runduna ta 100 ta mayaƙan saman Amurka suka doshi birnin Münster na Jamus daga sansaninsu na Thorpe Abbotts a Ingila. Ɗaya kacal ya koma gida, na Robert Rosenthal, shi ma injinansa biyu a mace. Kowane jirgi mutum goma yake ɗauka, akasarinsu samari. Wasu sun mutu, wasu sun ƙare a hannun Jamusawa.

Wannan jarumta ba ta jayayya, kuma fim ɗin Masters of the Air na 2024 ya ba ta haƙƙinta.

Sai dai a ranar ba masana'antar makamai aka aike su ba. Tsakiyar gari aka ce su saki bama-baman, daf da babbar majami'a, inda gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa suke. Ɗaruruwan fararen hula suka hallaka.

Gwamnatin Hitler ta cancanci a murƙushe ta, babu shakka. Amma gidan tarihin Thorpe Abbotts labarin matuƙa yake bayarwa. Yaran da gini ya danne a Münster, sai dai a je can a nemi sunayensu.