Daga Jega zuwa Aliero: Don me mai difloma zai maimaita abin da ya riga ya ci?

Tsakanin Jega da Aliero tafiyar mota ce 'yar kaɗan. Amma ga ɗalibin da ya gama kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, yake neman digiri a jami'ar jiha da ke Aliero, tafiyar shekaru ce.

A tsarin shiga kai-tsaye na hukumar JAMB, mai difloma ko NCE daga aji biyu yake farawa. Ke nan karatun shekara biyu ko uku ya koma shekara ɗaya. Mu masu babbar difloma ma, bayan shekara huɗu a aji, jami'o'i da dama nan suke ajiye mu.

Matsalar ita ce takarda ake dubawa, ba darussan da mutum ya ci ba. Manomin Maiyama da ya sayar da hatsinsa ya biya wa 'yarsa kuɗin darasi, sai ya sake biyan kuɗin wannan darasin. In aljihu ya gaza, karatun ya tsaya ke nan.

A Amurka, ƙananan kwalejoji kan ƙulla yarjejeniya da jami'o'i, a lissafa wa ɗalibi darussansa ɗaya bayan ɗaya, ya wuce aji uku.

Za a ce ingancin koyarwar ba ɗaya ba ne. To, a gwada ɗalibi; in ya ci, a ɗauke masa darasin.

Makarantun nan biyu duk na gwamnatin Kebbi ne. Malamansu su zauna su kwatanta manhaja, su kai wa hukumomin NUC da NBTE. Me ake jira?