Raddi Ga Mai Cewa Nono Na Tsare Ciki Har Yaye

Ranar sunan jikanyar yayata a nan Gure, wani malami da nake ganin girmansa ya yi wa mata nasiha daga bayan zana. Ya ce mai shayarwa ba ta da buƙatar zuwa likita neman tazarar haihuwa, domin nono kaɗai ya ishe ta har yaye. Mata suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa da na shafe shekaru ina karɓar haihuwa, na kasa cin tuwon sunan. Malam, Allah ya gafarta maka, ga amsata bi da bi.

Ka fara da cewa Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu na shayarwa, don haka shekara biyun nan hutu ne daga ciki. Aya ta 233 a Suratul Baƙara tana magana ne a kan haƙƙin jariri na shan nono, da nauyin ciyarwa da tufatarwa da ke wuyan uba. Babu alkawarin tsare mahaifa a cikinta. Kai ka fi ni sanin hadisin Judama 'yar Wahabu da ke cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, sannan ya bari saboda Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu. Imamu Malik ya fassara gila da kusantar mace tana shayarwa, wasu malamai kuma suka ce shayarwar mai ciki ce. Da a ce mai goyo ba ta ɗaukar ciki, da wannan fassara ta biyu ba ta taso ba. Hausa ma da ba ta raɗa wa abin suna ba. Rurrutsa da kwanika ba jiya aka fara faɗarsu ba.

Gaskiyar da ke cikin maganarka ba zan ɓoye ta ba. Tsotson jariri yana sa jiki ya saki wani sinadari mai suna furolaktin, yana kuma danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ma'ajiyar ƙwai. A 1988 masana suka taru a Belajiyo ta ƙasar Italiya, suka tabbatar cewa shayarwa na kare mace fiye da kashi 98 cikin ɗari, amma da sharaɗi uku a haɗe: jaririn bai kai wata shida ba, jinin al'ada bai dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana, ba a barin tazarar da ta wuce awa huɗu da rana ko shida da dare. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta yi rauni.

To, Malam, ka leƙa gidajenmu a bazara. Watan Afrilu, rana ta take, uwa ta tafi rijiya ko neman itace, goyon yana hannun kaka. Ya yi kuka, a ɗura masa ruwa da ludayi, a bi da bauri, wani lokaci da ruwan rubutu ko ɗan farau-farau. Cikinsa ya cika, ya yi barci, nono ya wuni ba a taɓa ba. Binciken lafiyar jama'a na Nijar na 2012 ya nuna kashi 23 kacal na jariran da ba su kai wata shida ba ne ke shan nono zalla. Wato yawancin matan da suka saurare ka ranar nan sun karya sharaɗi na uku tun kafin su gama wankan jego.

Na biyu, ka ce matuƙar mace ba ta ga jini ba, hankalinta kwance. Ƙwai yana iya fita kafin jinin farko, kusan da mako biyu, kuma yiwuwar haka tana ƙaruwa bayan wata shida. Na taɓa duba wata yarinya daga wani ƙauye ta wajen Subdu, goyonta ɗan wata tara a baya, ta zo wai ciwon ciki. Ina ɗora hannu na ji mahaifa ta kusa cibiya. Ta ce, "Inna, ai ban yi wanki ba tunda na haihu." Ta yi gaskiya. Cikin ya shiga kafin jinin ya samu zuwa.

Na uku ita ce ta fi ci mini rai. Ka ce ramar mai goyo alama ce nono na aikinsa, kuma ramammiya ba ta saurin ɗauka. Mace kan sauke kilo biyar ko shida a ranar haihuwa, tsakanin jariri da mabiyiya da ruwa, sauran kuma ya tafi sannu a hankali. Wannan daidai ne. Amma jikin da ke haɗa kusan kashi uku cikin huɗu na litar nono kullum yana neman ƙarin abinci mai nauyin kalori 500 a rana. Matar da ke wuni da fura tsararo a lokacin da rumbu ya ƙare, daga tsokarta take biya. An gani a ƙauyen Keneba na Gambiya a shekarun 1980 cewa ƙarancin abinci na ɗan jinkirta dawowar al'ada, sai dai jinkiri ne da ba a gina gida a kansa. Ramammu na rurrutsa, kuma su ne ke shiga sabon ciki da ƙarancin jini. In awarwaro ya fara zamewa har gwiwar hannu, ido ya yi fari fat, abin da ake buƙata wake ne da zogale da ƙwai da nama, da ƙwayar ƙarin jini. Ragon suna da kunun kanwa na kwana arba'in ba sa ɗaukar mace shekara biyu.

Na huɗu, ka ce kakanninmu ba su san allura ba, kuma sun yi tazara. Sun yi, domin mace kan tafi wanka gidan iyayenta ta daɗe, miji kuma kan ƙaurace wa ɗakinta har kusa da yaye, wadda ta yi kwanika kuwa ta sha gori a bakin rijiya. Yau ana cika arba'in ake aiko a dawo da ita. An ajiye haƙurin kakanni, ana neman sakamakonsu.

Abin da ke biyo baya ka san shi. Da an gane cikin sai a ce nonon ya lalace, a yaye yaro dare ɗaya, a kai shi wurin kaka. Nonon mai ciki ba guba ba ne, yawancin mata na iya ci gaba da bayarwa. Yayen gaggawar ne ke kawo zawo da tamowa, har a ƙare a layin karɓar biskit ɗin masu tamowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, lissafin da ya yi daidai da shekara biyun da ka karanto mana. Sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Annabi (SAW), kamar yadda Jabir ya ruwaito, kuma akwai hanyoyin tazara da ba sa rage nono. A jiharmu ta Damagaram aka fara makarantar mazaje don irin wannan zance. Ina roƙonka, Malam, a sunan gaba ka juya ta wajen tabarmar maza, ka tambaye su me matansu suka ci jiya da dare, kuma yaushe rabon da su raka su awo.