IDAN BANKI YA FARA ROƘONKA KA CI BASHI

Duk ranar da mai kuɗi ya biyo talaka yana roƙonsa ya karɓi rance, to, akwai abin dubawa. Muna 'yan makaranta a shekarar 2007 sa'ad da iyayenmu suka ga irin wannan. Farashin hannun jari a kasuwar Legas sai hawa yake yi, bankuna kuwa suna ba mutane bashi domin su saya, wani lokaci ma hannun jarin bankin da ya ba da bashin, sa'an nan su riƙe takardun jingina. Malaman makaranta da 'yan fansho duk suka shiga. Kuɗin bashi ne ke tura farashi sama, hawan farashin kuma shi ke sa a ƙara cin bashi. Watau kumfar sabulu ce kawai.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000, daga nan ya juyo. Bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe a watan Satumba, masu jari na ƙasashen waje suka kwashe nasu, gangar mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin shekara ta ƙare. Farkon 2009 ma'aunin ya sauko wajen 20,000. Jingina ta narke, amma bashi ko kwabo bai ragu ba, sai ma ruwa da yake ƙara yi. A watan Agusta na 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5, aka zuba musu naira biliyan 420. An ceci bankuna. Wa ya ceci malamin da ya jinginar da gidansa?

Abin da ke damunmu shi ne saurin mantuwa. Tattalin arzikin ƙasar nan ya koma baya a 2016, a ƙarshen shekarar kuma MMM ta rufe da kuɗin jama'a. A watan Afrilu na 2025 CBEX ta maimaita. Irin waɗannan ba baƙo ke kawo su ba, ɗan'uwa ne da aka yarda da shi, a bakin ƙofa bayan an tashi sujada. Ga kuma masu ba da rance ta wayar hannu, minti 5 kuɗi ya shigo, a ƙarshen wata su aika wa surukanka saƙon tozarci.

A ganinmu, rancen taki ko na keken ɗinki yana da hanyar biyan kansa. Rancen sayen abin da ake fata zai yi tsada gobe ba shi da ita, kuma idan aiki ya tsaya shi ke fara cin gida. Ma'ajin adashi da na zumuntar mata su ma su lura inda suke ajiya: a 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma, amma ga masu lasisin Babban Banki kaɗai. A nemi ganin lasisin kafin a miƙa kuɗin ƙungiya.