Daga Rake Da Inabi Zuwa Barasa: Darasin Da Bai Kamata A Tsallake Ba

Sau da yawa idan aka zo batun barasa a darasin kimiyya, sai malami ya ji nauyi, ya yi sauri ya wuce. A ganina wannan kuskure ne, domin sanin yadda abu yake samuwa daban, shansa daban.

Mu fara da rake. A ƙarni na 16 Turawan Fotugal suka kai shi Burazil, suka sa bayin da aka kwaso daga Afirka noma shi. A gonakin nan aka fara yin barasar da ake kira kashasa daga ruwan rake. A ƙarni na 17 kuma, a tsibirin Barbados, aka riƙa yin wata mai suna ram daga baƙin maɗin da ke saura bayan an dafa sukari, har aka yi ta sayen bayi da ita a gaɓar Afirka ta Yamma. Inabi kuwa, Turawan Sifaniya ne suka kai shi Peru a ƙarni na 16, inda ake yin pisko da shi.

Dukkansu mataki biyu ake bi. Da farko akan bar ruwan ya tsimu, wato ƙwayoyin yis, irin na burodi, su cinye sukarin su fitar da sinadarin itanol. Idan itanol ya kai wajen kashi 15 cikin 100, yis ɗin sai ya kasa aiki. Daga nan sai a ɗora tsimin a wuta. Ruwa yana tafasa a digiri 100, itanol kuwa a 78. Saboda haka tururin da ke tashi ya fi tsimin yawan itanol, sai a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa.

To, me ya sa ɗalibi zai san wannan? Na ɗaya, don kare rai. Metanol, ɗan'uwan itanol, yana makantarwa, yana kisa. A 2015 ya hallaka mutanen da suka sha ogogoro a jihohin Ondo da Ribas. Na biyu, don tattalin arziki. A 1975 Burazil ta ƙaddamar da shirin samar da man mota daga rake ta wannan hanyar dai. Haka kuma itanol yana cikin turare da ruwan tsabtace hannu na asibiti.

Ga rake nan a fadamunmu, amma galibi iyakarsa sha da mazarƙwaila. Malamai, a koyar da darasin nan cikakke, da amfaninsa da haɗarinsa. Rashin sani ya fi dare duhu.