Wai Wasan Banza Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye, wadda ɓarnarta ta fi ta fara a gonar gero. Maganar ita ce, "Wannan ba karatu ba ne." Sai a ga yaro ya samo littafi mai hotunan waɗansu manya-manyan dabbobi na zamanin da, waɗanda Turawa ke kira dainoso, ya duƙufa a kai, ko tuwo sai an yi masa tsawa kafin ya ci. Ya zana su da gawayi a jikin bango, ya gina su da laka, ya dami kowa a gida da sunayensu. Uban ya shigo, ya fizge littafin, ya ce, "Za a tambaye ka wannan a jarrabawa? Tashi ka ɗauko na lissafi!" Shi a ganinsa gyara ya yi. Alhali kuwa ruwa ya sheƙa a kan wutar da malamai kan yi shekara da shekaru suna hurawa ba ta kama ba.

Su dai dabbobin nan sun ƙare a doron ƙasa tun wajen shekara miliyan 66 da suka wuce, ba wanda ya taɓa ganinsu da rai, sai ƙasusuwansu da suka zama dutse. Wani masani a Ingila, Richard Owen, shi ya raɗa musu suna a 1842, ma'anarsa kuwa ƙadangare mai ban tsoro, ko da yake bincike ya nuna sun fi kusa da tsuntsu da kada bisa ga ƙadangare. Hasali ma masana sun tabbatar tsuntsaye daga zuriyarsu suka fito. Ba abin mamaki ba ne yara su so su. Ga girma, ga haƙora, ga ban tsoro, amma kuma sun mutu, ba su iya biyo kowa gida. Har wa yau ga wani daɗi da babba kan manta: a wannan fage yaro ne malami, manya ne almajirai. A duk sauran al'amura shi ake gaya wa, nan kuwa shi ke faɗa.

To, a dubi abin da yaron nan ya kwasa ba tare da bulala ba. Wanda ke ƙyamar haɗa baƙi da wasali ya zauna da kansa yana sassarƙa suna mai gaɓa biyar ko shida har ya zauna masa a baki, gama ba ya son abokinsa ya riga shi. Ya ji an ce wata dabba tsawonta ƙafa 60, ya fita tsakar gida yana aunawa da taki don ya ga inda wutsiyarta za ta tsaya. Ya tambayi sifiri nawa ke cikin miliyan. Ya nemi taswira don ya ga ƙasar da aka haƙo ta. Ya rarrabe masu cin nama daban, masu cin ganye daban, ta wajen duban haƙori kawai. In wannan ba karatu ba ne, ba lissafi ba ne, ba labarin ƙasa ba ne, to, mene ne? Uban da ya ce ya ɗauko littafin lissafi, a tsakiyar lissafi ya katse shi.

Abin ma ba baƙo ba ne. Yaron da ke kiwon tantabaru ya san jinsinsu da kwanakin ƙyanƙyasarsu ba wanda ya ba shi allo. Ɗan Fulani ya san kowace saniya a garke da sunanta da uwarta. Duk wanda ya koyi karatu da girmansa, bayan ya taso daga gona ko kasuwa a gajiye, ya san ba tsoron duka ya kai shi aji ba, so ne ya karanta wasiƙarsa da kansa. Ya kuma san waɗanda suka karɓi takardar shaida suka rasa abin da ransu ke son karantawa, baƙaƙen suka zube musu ɗaya ɗaya. Me zai sa a zaci yaro dabam ne?

Mai gardama zai ce, "Duk an ji, amma ƙashin mataccen abu me zai tsinana wa mutum?" Amsarsa tana cikin labarin wata 'yar talakawa, Mary Anning, wadda aka haifa a 1799 a Lyme Regis, wani ɗan gari a bakin teku a kudancin Ingila. Ubanta kafinta ne, ya mutu a 1810 ya bar su da bashi. Iyakar makarantarta ɗan karatu da rubutu da ta koya ran Lahadi. Ita da wanta Joseph sukan bi gindin tsaunukan bakin teku suna tsintar duwatsu masu siffar halitta suna sayar wa baƙi. A 1811 wan ya tsinci kan wata dabbar ruwa ta zamanin dainoso, ita kuma ta bi sawu har ta tono sauran jikin, tana da shekara 12 ko kusa da haka. A 1823 ta haƙo wata mai dogon wuya cikakkiya, a 1828 kuma wata mai fiffike. Takan ari takardun masana ta kwafe su da hannu, har da zane-zanensu, takan feɗe kifi don ta gwada ƙashinsa da na dutse. Manyan malamai suka riƙa zuwa ƙofarta neman sani, ko da yake ƙungiyarsu ta masana duwatsu a Landan ba ta karɓi mace a matsayin mamba ba sai a 1919, ita kuwa ta mutu tun 1847. Da an sami mai fizge mata kwando ya ce wasan banza ne, da Ingila ta yi hasarar da ba ta san ta yi ba.

Sai kuma mai cewa, "Ai wannan sha'anin Turawa ne, ina ruwan ɗan Bahaushe?" Wannan ita ce maganar da ta fi kowace rauni. A gabas da Agadas, cikin hamadar Tenere, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa, inda ƙasusuwan nan ke kwance a fili, iska ta yaye musu rairayi. Masu neman yuraniyam na Faransa suka ba da labarinsu, wani masani, Philippe Taquet, ya yi aiki a can a 1965, ya sami wata dabba mai doguwar ƙaya a gadon baya. Bayansa Paul Sereno na jami'ar Cikago ta Amurka ya zo da jama'arsa. A 1999 suka bayyana wata da suka sa wa suna Nijarsoras, watau ƙadangaren Nijar: tsawonta wajen ƙafa 30, bakinta mai faɗi kamar shebur, haƙoranta sun fi 500. A shekarar nan kuma suka bayyana Jobariya, wadda aka haƙo a yankin Ingal, sunanta kuwa daga Jobar aka ɗauko shi, wani dodo na tatsuniyar Buzaye, gama makiyaya sun san ƙasusuwan tun kafin Bature ya zo da buroshi. A Gadufawa ɗin dai aka sami wani kada wanda kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Kai, har a ƙasar Sakkwato an haƙo wata dabbar teku da aka yi wa suna da garin Goronyo, shaidar cewa inda ake noman gero yau, dā teku ne.

Ashe dukiyar tana bayan gida. Amma sunayen waɗanda suka rubuta labarinta galibi na baƙi ne, an kuma ɗebi ƙasusuwa da yawa zuwa Faransa da Amurka don bincike. Ba daidai ba ne a yi ta gunaguni baƙi sun kwashe, alhali yaron gida da ya nuna sha'awa an kore shi da tsawa. Masanin ƙashi ba a jami'a yake tsira ba, a can dai ake yi masa yabanya. Irin tun yana ɗan shekara shida ko bakwai yake faɗawa ƙasa.

Kada wani ya ɗauka ana cewa a bar makaranta ne. Ko kusa. Makaranta ke ba da tsari, ita ke tilasta wa yaro koyon abin da ba ya so amma zai bukata, ba kuwa kowane mai son dainoso zai zama masaninsu ba. Da yawa bayan shekara biyu za su koma ga jirgin sama ko taurari. Ba kome. Dabbar ta tafi, amma ta bar masa sanin yadda ake bin abu har gindinsa, wannan kuwa ba ya cikin manhajar kowace makaranta.

Abin da ake bukata ga uba bai kai kuɗin goro ba. Ya zauna ya ce, "Wannan mai dogon wuyan me take ci?" ya kuma saurari amsa. In yana Yamai, ya kai yaron gidan tarihi na ƙasa, inda aka tsai da ƙasusuwan irin dabbobin nan kowa ya gani. A 2004, a kudancin ƙasar Cile, wani yaro ɗan shekara 7, Diego Suárez, ya bi iyayensa masana duwatsu wajen aiki, ya tsinci waɗansu ƙasusuwa ya kawo musu. Ba su ce ya zubar ya wanke hannu ba, suka karɓa suka duba. Ashe wata irin dainoso ce da ba a taɓa sani ba, a 2015 kuma aka sa mata sunan ƙasarsa haɗe da nasa.