Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa, Ko Da Makaɗi Ne

Jama'a, akwai wani hali namu da ya kamata mu duba. In aka saka waƙar Ɗanƙwairo a rediyo, sai ka ga dattijo ya lumshe ido yana kaɗa kai. Amma bari jikan makaɗi ya zo neman auren 'yarsa, nan take fuska za ta sauya, a ce ai gidan roƙo ne. Muna shan zuma, muna zagin ƙudanta. Wannan ƙyama ce ta sa 'ya'yan makaɗa da yawa, da sun yi makaranta, suke ɓoye asalinsu, su bar kotson kakanninsu a rataye gara tana ci.

To, me ake asara? Mu ɗauki misalin Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Mahaifinsa, Usman Ɗanƙwanda, makaɗi ne. Tun Musa yana ƙaramin yaro yake bin uban wurin kiɗa, yana cikin 'yan amshi. Bayan rasuwar uban ya zauna ƙarƙashin wansa, Abdu Kurna, kafin ya ja nasa ayari, har ya kai ga yi wa Sardaunan Sakkwato waƙa. Watau ya daɗe yana amshi kafin a ji shi yana ba da waƙa. A wannan dogon zama ne yaro yake koyon ɗaure fatar ganga, da taken kowane basarake, da jerin iyayensa da kakanninsa, da sanin inda ake zuga da inda ake yin shiru. Ba a rubuta waɗannan a littafi ba, daga baki suke zuwa kunne.

Haka Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu ya bar shi yana ƙarami, Sarki ya riƙe shi. Duk da maraici, jinin bai kwanta ba. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi ta yi wa talakawa waƙa har duniya ta san shi. Lalle barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wani zai ce, ina Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999? Ai bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba, ga shi kuwa da wuya a sami kamarsa. Gaskiya ne, baiwa ta Allah ce, yana ba wanda ya so. Amma Shata bai ƙago kalangu ba. Ya tarar da shi a hannun mutanen da suka raine shi tun kaka da kakanni. Ɗan haye yana hawa ne a kan abin da 'yan gado suka ajiye. In gidajen gado suka mutu, ɗan hayen gobe ba shi da wurin koyo.

Yau yaro na iya haɗa kiɗa da kwamfuta cikin dare ɗaya, ba mu kuwa ce laifi ne ba. Sai dai kwamfuta ba ta san taken Sarkin Gobir ba, ba ta kuma san ranar da ake buga tambari ba.

Ba muna cewa a tilasta wa yaro sana'ar ubansa ba ne, ko a hana shi karatu. A'a, ya yi karatu, ya kuma riƙe ganga in ransa yana so, kada kunya ta raba shi da ita. Sarakuna su kula da makaɗan fadarsu. Jami'o'inmu masu sashen Hausa su gayyato dattawan makaɗa da suka rage su koyar, a biya su kamar kowane malami. Mu kuma sauran jama'a mu daina raina gidan da muke jin daɗin abin da ya fito daga cikinsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.