Ranar da Umma ta buɗe tsohon gwangwanin zarenta

Yau za mu ɗan ajiye maganar yara, mu duba iyayenmu da suka yi ritaya.

Ummata ta shekara 35 tana koyarwa a firamare. Da ta ajiye aiki, mu 'ya'yanta muka ce to, yanzu sai hutu. Amma hutun da muka ba ta raino ne, duk mai fita aiki sai ta biya ta sauke mata jikoki. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Cikin wata shida sai na ga matar da ke fita da sassafe cikin kuzari ta koma zaman kujera, rediyo a gefe, abinci ma sai an lallaɓa ta. Na auna jininta, na auna suga, duk lafiya lau. A wurin aiki na sha ganin irin haka, dattijuwa ba ciwo a jiki, amma ta rasa abin da za ta tashi dominsa da safe.

Wata rana muna gyara ɗakinta, sai ga tsohon gwangwanin alewa cike da zare kala-kala, da wani zanen gado da ta fara yi wa fulawoyi tun ba a haife ni ba. Ashe a kwalejin horon malamai ita ce gwanar zane da surfani, aure da goyo da alli suka cinye lokacin. Na ce, "Umma, ki ƙarasa mana shi mana." Ta ce, "Ke dai bari, hannu ya manta."

Ba ta koma kan fulawoyin ba. Ƙyallaye ta sa aka karɓo mata daga wurin tela, ta riƙa jera su a kan tabarma, wannan kusa da wancan. Ran nan ta kira ni ta nuna min ƙananan ƙyallaye biyu masu ruwan toka, ɗaya a kan jan yadi, ɗaya a kan shuɗi. Ta ce, "Iri ɗaya ne?" Na ce a'a, na kan jan ya ɗan yi kore-kore, na kan shuɗin kuma kamar an surka shi da rawaya. Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ta ɗauke su ta haɗa. Daga ƙyalle guda ta yanko su.

Wannan abin da Umma ta gano a kan tabarma yana da tarihi. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai mai suna Chevreul shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Faris. Masaƙa suna kukan cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya kamawa. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa lau, launukan da ke maƙwabtaka da baƙin ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya fitar da littafi a kan haka. A taƙaice, kowane launi yana tura maƙwabcinsa wajen kishiyarsa: ja da kore kishiyoyi ne, haka shuɗi da ruwan goro, haka rawaya da shunayya. Duk wadda ta taɓa sayen mayafi a Kantin Kwari, ta zo gida ta ɗora shi a kan atamfa ta ga kamar an musanya mata, ta san wannan darasi.

Kada a ce girma ya kama ta, lokaci ya wuce. Alma Thomas, wata baƙar fata 'yar Amurka, ta shekara 35 tana koyar da zane a makaranta guda a Washington. Sai da ta yi ritaya a 1960, tana dab da shekara 70, ta duƙufa kan zanenta, tana jera ƙananan tabbunan fenti launi bayan launi. A 1972, tana da shekara 80, ta zama baƙar mace ta farko da gidan adana zane na Whitney da ke New York ya baje kolin aikinta ita kaɗai.

Ga kuma wani amfani da ban yi tsammani ba. Na lura Umma tana rikita shuɗi mai duhu da baƙi. Yayin da mutum ke manyanta, madubin cikin ido yakan yi rawaya-rawaya, shuɗi ya dusashe, kuma yanar ido tana ƙara hakan. Muka je asibitin ido, aka ga yanar ta soma. Idan mahaifiyarki ta fara cewa kaya duk sun koɗe, ko hasken mota na kashe mata ido da dare, a kai ta a duba. Kwalli ko maganin ɗigawa ba sa cire yana, idan ta nuna aiki ake yi.

Abin da muka gyara a gidanmu kaɗan ne. Muka ware kwana biyu a mako ba a kai mata jika ko ɗaya. Muka matsar da kujerarta kusa da taga, don hasken rana ya fi ƙwan lantarki nuna gaskiyar launi. Muka kuma hana kanmu tambayar nan ta "nawa za a sayar?" Da an sa kuɗi a ciki, wasan ya koma aiki.

Yanzu tana haɗa bargo na uku. Har maƙwabta biyu suna zuwa da nasu ƙyallayen bayan la'asar, ana musun ko algashi zai zauna kusa da ruwan hoda.

'Yar uwa, a wannan makon ki tambayi mahaifiyarki ko surukarki abin da hannunta ya iya kafin ta haifi kowa: saƙar faifai ce, kwarashi ne, ko ɗinkin hula? Ki kuma tambayi kanki, don mu ma muna tafe. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.